Nonon Juma'a Ba Na Sayarwa Ba Ne

Zuwa ga ɗiyata Balki, Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa lafiya, kin sami ɗakin da aka ce za a ba ki, kuma ruwan garin ya karɓe ki. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa hannunki ya zama sanyi ga duk macen da za ki karɓi haihuwarta. Amin.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Kawunki Sani ne zai kawo miki takardar nan, kin kuwa san bakinsa ba ya gajiya, har kazar da ta yi ƙwai sai kin ji. Ni maganar Woɗe ce ta sa na ɗauki biro.

Kwana biyu kafin ki tafi kin zauna kusa da ni ina dama fura. Kika ce gidan likitar da aka tura ki yana can cikin dajin bayan Illela, ƙauyukan da za ki duba a warwatse suke, mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Kika ce ungozomar da ba ta da abin hawa sai dai ta zauna tana jiran wadda ta iya isowa. Sannan kika roƙe ni a sayar da Woɗe a saya miki moto, wato babur. Woɗe kuwa ita kaɗai ce saniyar da ta rage mana a turke, tun lokacin da fari da jinyar marigayi babanki suka cinye sauran. Ban bari kin rufe baki ba na ce lakwal, makarantar bokon nan, ta cire miki tsoron Allah. Ranar tafiya a tashar Dogarawa kin durƙusa kin gaishe ni yadda ya kamata, amma ba ki dube ni ba. Wannan rashin duban ya tsaya mini a ƙirji har yau.

Na ba ki amsa da faɗa, yanzu ga amsar a natse. Sai dai ki yi haƙuri ki karanta tun daga farko, kar ki yi irin halinki na leƙa gindin tukunya kafin a sauke.

Ni ɗiyar manoma ce, kin sani. A gidanmu sadaka da kaka ake yin ta. A ɗaure damman gero, a fitar da na Allah, a ba wanda za a ba, sai kuma baɗi. Da aka kawo ni gidan babanki, cikin Fulani masu shanu, ban yi mako guda ba kakarki Goggo Dija ta kama hannuna ta kai ni turke, ta nuna mini wata jar saniya, wadda Woɗe ta fito daga tsatsonta. Ta ce, "Kin ga wagga? Kwana shidda taku ta, ku sha ku saida. Amma tatsar marecen Alhamis da ta sahiyar Juma'a ba taku ba ta. Ta masu zuwa da ƙwarya ta."

Na ce, "Har yaushe, Goggo?"

Ta ce, "Har ta tsuhwa ɗiyatta ta gaje ta."

Na ce to, amma a raina dariya nake. Ƙwarya biyu a mako, wannan ma har sadaka ce? A ganina abin da ya kai a kira shi sadaka shi ne wanda za a ɗora wa jaki.

A lokacin ina kai fura da nono Malbaza, bakin hanyar da manyan motocin siminti ke jeruwa suna jiran lodi. Ba ranar da ta kai Juma'a ciniki. In aka sauko daga masallaci direbobi sukan yi wa ƙwaryata ca, kafin la'asar na juye ta. Ni kuwa kullum ina baro ƙwarya biyu a gida, kindirmon da ya kwana da madarar safe, don a raba wa mutane kyauta. Abin yana sosa mini rai. Sai aka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, Goggo ta tafi zaman jego wurin ɗiyarta ta bar mini rabon. Juma'ar farko na haɗa nonon da nawa na yi sammakon Malbaza, na bar sallahu cewa saniya ba ta da lafiya. Na gaya wa kaina ai ba ci zan yi ba, tarawa zan yi har watan Layya in sayi rago in yanka, unguwa duk ta shaida. Haka na yi Juma'a uku.

Ranar da Goggo ta dawo mata suka shigo yi mata barka da zuwa. A cikinsu akwai Tsahara, wadda kika tashi kika ji ana kira Uwar Biyu. Lokacin tagwayenta Hasana da Usaina ba su daɗe da fara tafiya ba, mijinta ya tafi ci-rani ba labari, ita kuma zazzaɓi ya ƙafar mata da mama. Ta gaishe da Goggo, sannan da zuciya ɗaya ta ce, "Goggo, ƙaƙa jikin saniyar? Allah shi ba ta lahiya."

Goggo ta dubi turke, ga saniya tana tuƙa ƙalau, sannan ta dube ni. Ta amsa wa Tsahara da amin kawai.

Na zaci in baƙi sun watse za ta wanke ni tas. Ashe ba haka ba. Da la'asar ta yafa mayafi ta ce in biyo ta, muka shiga gidan Tsahara. A can na ga yadda ake yi da abin da nake rainawa. Madarar takan dafa ta ba yaran Juma'a da Asabar, kindirmon kuma ludayi-ludayi take zubawa a kunu har ya kai ta Talata ko Laraba. Sauran kwana biyun lallaɓawa ake yi, saboda an san Juma'a na zuwa. Mako uku ke nan ba ta zo musu ba. Usaina na zaune a tabarma, gashinta ya yi ja, wuyanta ya yi siriri. Goggo ta ce, "Ɗauke ta ki ji." Na ɗauke ta, sai na ji kamar ƙwaryar da ba kome a ciki.

A hanyar dawowa na fashe da kuka, na yi ta rantsuwa cewa rago zan saya. Goggo ta tsaya ta ce, "Ragonki sai watan Layya. Cikin yarinya na jiran watan Layya?" Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Ragon kuwa ban saya ba. Abin da na tara ya bi zane da 'yan kunne, ban ma san sa'ad da ya ƙare ba.

Balki, ki riƙe wannan. Ranki zai riƙa ce miki ki bari sai albashi ya daidaita, sai kin sayi katifa, sai kin tara abin da zai cika ido. Na san muryar nan, ta yi mini magana da daɗin baki. Kar ki saurare ta. Ɗan abin da ke zuwa kowane mako mutum yakan gina kwanakinsa a kai, ya san inda zai jingina. Babban abin da zai zo wata rana ba wanda ya taɓa ƙoshi da shi. Ki zaɓi abin da kika san ko a makon da kike cikin matsi za ki iya fitarwa, ki tsaya a kansa, ko da ke kanki kina jin kunyar ƙanƙantarsa.

Da a ce na shiryu daga nan, da na ji daɗin ba ki labari. Bayan shekara biyu sai na ƙirƙiro wata dabara. Nonon Juma'a ba na sayar da shi, to, amma wa ya ce har da mansa? Sai in tashi da wuri in kaɗa kindirmon in kwashe man shanun in ajiye na kasuwa, in miƙa wa mutane tsala. Ƙwarya a cike take, ba wanda zai ce an rage. Mako na biyu Tsahara ta karɓa, ta ɗaga ludayi ta zubo shi yana tsiyaya kamar ruwan wanke hatsi, ta yi dariya ta ce, "Rabi, nonon naku ya rame wanga mako. Ko azumi shikai?" Mata suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma kunnuwana kamar an zuba musu barkono. Tun ranar ban ƙara sa maburgi a nonon Juma'a ba.

Ke ba ki da man shanu, amma kina da irinsa. Za a zo miki da mai kuɗi da marar kuɗi. Kar ki kwashe fara'arki da haƙurinki ki ba matar mai gari, ki bar wa matar makiyayi tsala. In za ki bayar, ki bayar da abin yadda ke ma za ki so a miƙo miki shi.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne na uku, don lokacin ba yarinya ba ce ni, har na haife ki. Goggo ta rasu, rabon ya dawo hannuna ɗungurungum, kaina kuma ya fara girma. In ana maganar masu kyauta a unguwa sai in gyara zama. Wata Juma'a na bi ta ƙofar Tsahara zan je rijiya, sai na hango ta tana tsiyaya kusan rabin nonon da na ba ta a wani ɗan kwano, ta miƙa wa wata tsohuwa makauniya da ke maƙwabtaka da ita. Jinina ya hau. Na shiga ba ko sallama, na ce ni don 'ya'yanta na ba ta, in ta ƙoshi ta faɗa mini in ba wani. A gaban tsohuwar na faɗa, da ƙarfi.

Tsahara ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta ce, "Rabi, in abu ya hita hannunki ya shiga nawa, naki na ko nawa na? Ke ɗai Allah yab ba Juma'a? Ni ma ina da tawa."

Na juya na fita. Juma'a ta zagayo ba ta zo ba. Ta sake zagayowa ba ta zo ba. Wata biyu ina ajiye rabonta har ya yi tsami, girman kai ya hana ni taka ƙofarta. Babanki ne, wanda ba ya shiga maganar mata, ya ce mini wata safiya, "Nonon ga hakkin gidan can na. In ba ki iya kai shi, ba ni in kai." Kunya ta sa na ɗauka da kaina. Na yi sallama, na durƙusa na ce, "Uwar Biyu, ki gahwarta mini." Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta yi tsami, sannan ta ce in tashi kar in zubar mata da nono. Tun daga ranar ni nake kai wa mutane har gida, na hana kowa tsayuwa a ƙofata da ƙwarya. Ke da kike ganin ina yawo da faifai a kai kowace Juma'a, yau kin ji mafarinsa.

In kin bayar, ki saki. Kar ki bi abin da ido ki ga inda ya sauka, kar ki jira godiya, kar kuma ki ɗauka wanda kika ba ya zama yaronki. Kuma kar ki taɓa zaton talaka hannun karɓa kaɗai gare shi.

To, ga abin da ya sa na yi miki tsawa. Da kika ce a sayar da Woɗe, ba saniya na gani ba. Idon Goggo na gani a hanyar gidan Tsahara, na ji kamar za ki sa ni in koma yarinyar nan mai sammakon Malbaza. Tsoro ne ya fito daga bakina da siffar faɗa. Ke ba ki yi laifi ba, ni ce ban tsaya na ji ba. Ki yafe mini kalmar da na faɗa miki, ba gaskiya ba ce.

Bayan tafiyarki na yi kwana da kwanaki tuwo ba ya shiga. Sai na tuna abin da aka gaya mini tun ranar farko, cewa Juma'ar saniyar nan ba tamu ba ce. In haka ne, ba ni kaɗai ke da ikon cewa e ko a'a ba. Na yafa mayafi na bi gidaje ukun da nake kai wa nono a yanzu, na faɗa musu buƙatarki, na ce in sun hana an hanu. Gida na farko suka ce ba kome, Allah ya sa alheri. A gida na biyu matar ta ce to, amma ta kau da kai tana kallon 'ya'yanta. Ba zan ɓoye miki ba, wannan to ɗin ya yi mini nauyi.

Na bar gidan Tsahara a ƙarshe don shi na fi tsoro. Ta tsufa yanzu, ga jikoki uku a gabanta, marayun Usaina. Na same ta tana tsince wake. Na yi ta kewaye-kewaye har ta ce, "Rabi, hwaɗi abin da yak kawo ki, wake na jirana." Na faɗa. Ta ture faifan waken gefe. Sannan ta ce, "Shekara talatin muna shan nonon gidanku, Allah shi saka. Amma ranad da Usaina tay yi kwana biyu bisa gwiwa, akwai nono cike da ƙwarya cikin ɗakin ga. Ba shi munka rasa ba. Wadda za ta zo ta duba ta munka rasa. Cikin amalanke tac cika, kanta bisa cinyarki. Kin mance?"

Ban mance ba. Har yau in na ji ƙarar amalanke a kan tsakuwa sai gabana ya faɗi.

Ta share ido da gefen zane ta ce, "Saida ta. Amma ki hwaɗa ma Auta, moton ga ba nata na ita ɗai ba. Muna da kwana guda ciki."

An sayar da Woɗe, Balki. Kawunki Sani ya kora ta kasuwar Illela. Ni ban je ba, ban iya ba. Na ba ta dusa da kanwa da safe, na sosa mata wuya, na ce wa kawunki in mahauci ne ya taya ko nawa ya bayar a dawo mini da ita. Wani magidanci mai 'ya'ya da yawa ya saye ta don nono. Moton da za ki ga kawunki ya zo a kai naki ne. Ki duba shi da kyau kafin ki karɓa, don na ji yana cewa zai gwada gudunsa a hanya.

Ga sharaɗin, kuma kin ji ba nawa ba ne ni kaɗai. Kwana shida naki ne, ki yi aikinki, ki je kasuwa, ki zo ki gan ni. Ran Juma'a in kin tashi daga aiki, ki zuba mai daga aljihunki ki nufi ƙauye ɗaya ko ruga ɗaya, wurin mace mai ciki da kika san ba za ta iya zuwa ba. Ki duba ta, ki zauna ki sha ruwan gidanta, kar ki karɓi ko ƙwai ɗaya. Mace ɗaya a mako ta isa. Kar zafin farawa ya sa ki ce biyar, don wata ba zai ƙare ba za ki gaji ki daina. In damina ta yanke hanya ko jikinki ya ƙi, kar ki bar ranar ta wuce hannu wofi. Ki sayi sabulu ko ɗan zane ki ajiye wa wadda za ta zo haihuwa ba ta da abin naɗe jariri, ko ki sa wani abu a asusun marayu na masallacin garin. Da sannu mutane za su san ranarki, su fara cewa a bari Juma'a ungozoma na zuwa. Ranar da kika ji an faɗi haka, ki sani abin ya fita hannunki, ba ki da ikon fasawa don ranki bai so ba.

Kar ki damu da gidajen nan uku. Akuyata ta haihu, tana ba da abin da bai cika ƙaramin kwano ba, shi nake rabawa, gida na biyu nake fara kaiwa. Tsahara ta leƙa kwanon ta ce wai a kawo mata tabarau ta ga nonon. Amma ta karɓa, kuma na ga ta tsiyaya wa wata maƙwabciya a ciki.

Juma'ar da ta wuce na idar da sallar asuba, na ɗauki ƙwaryar tatsa na nufi turke kamar yadda na yi tun kafin a haife ki. Sai da na isa na ga igiya a ƙasa sannan na tuna. Na zauna a wurin na yi kukana ni kaɗai, ba na nadama ba. Da na gama na ce, yau warhaka ɗiyata tana can tana shirin aiki, ba da daɗewa ba za ta kama wata hanya da ni ban taɓa bi ba, ta shiga gidan da ƙwaryata ba za ta taɓa isa ba. Na tashi na je na tatsi akuya.

Abu ɗaya nake roƙo. Kowace Juma'a in kin dawo, ki kira ni. Kar ki gaya mini sunan kowa ko abin da kika yi, wannan tsakaninki da Allah ne. Ki ce kawai, "Inna, na je." In na ji haka zan san ba a banza turkena ya zama kango ba.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, daga yashi da rami da miyagun mutane. Ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ya sauki duk macen da kika taɓa lafiya, ita da abin da ke cikinta. Allah ya jiƙan babanki da Goggo da Usaina. Ki gaida mutanen gidan da kika sauka, ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Innarki, Rabi,
daga Dogarawa.